Masallacin Kakanmu da Ke Kukar Ɗanja

Tun da muka dawo daga Nijar ni da yayana Alhaji Sabo, ban ƙara shan furata cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna a majalisar ƙofar gida, sai wani ya matso ya ce, "Mamman, wai da gaske ne Alhaji ya yi sallah a coci?" In na shiga kasuwa sayen tattasai, mai tattasan ma sai ya rage murya ya ce shi dai ya ji an ce har tsoma mu aka yi a rafi. Rafi! A garin da sai an bi layi kafin a samu ruwan alwala. Na ji labarin nan kala-kala, har wani ya taɓa ba ni shi a mota bai san da ni yake magana ba, kuma wallahi nasa ya fi nawa daɗi. To na gaji. Ga shi nan na rubuta, duk wanda ya sake tare ni in miƙa masa takarda in wuce. Na san an san ni da ƙara gishiri, ban kuma musa ba, amma wannan karon ko ƙwaya ban zuba ba, da gishirinsa ya zo.

Abin ya faru ne a shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a, lokacin da imani ya riƙa tsirowa a haɓar mutane dare ɗaya. Mutumin da jiya muka baro gaban masu kalangu yana liƙi, yau shi ke tsayawa a kanka yana duba ko ruwan alwalarka ya kai gwiwar hannu. Unguwarmu a nan Daura ita ma ta ce ba za a bar ta a baya ba. Aka yanke shawarar rushe tsohon masallacinmu na ƙasa, a gina na siminti mai tayil, da lasifika a kowace kusurwa don kada wani mai barci ya tsira. Aka ce a kafa kwamiti. Kujerar shugaban kwamitin nan ita ta hana mutum biyu sakat: Yaya Sabo, mai sayar da yadi, da Alhaji Isuhu, wanda Allah cikin ikonsa ya sa sana'arsa ta zo daidai da sayar da siminti.

Hujjar Yaya ɗaya ce: mu jinin gini ne. Kakanmu Tanko magini ne na ji da gani. A zamanin Turawa aka aiko daga ƙasar Faransa, kamar yadda tsofaffi ke kiran Nijar, aka tafi da shi wani gari mai suna Kukar Ɗanja, ya yi aiki ya dawo da doki da riga. Abin da ya gina a can, a bakin mahaifinmu "babban soro" ne. A bakinmu ya zama masallaci. A bakin 'ya'yanmu kuwa har ya fara fitar da hasumiya. Gidajen da ya gina a Daura ba sauran ko ɗaya, mu da kanmu muka rushe na ƙarshen muka yi shaguna. Gadon da ya rage mana daga gare shi sai ƙaramin yatsa mai lanƙwasa, wanda Yaya ke ɗagawa a taro kamar takardar shaida.

Ranar da aka zauna a zauren Liman, Yaya ya ɗaga yatsan nan ya zayyana tarihi. Alhaji Isuhu ya bari sai da ya dire, sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, kowa kakansa ya gina masallaci a inda mota ba ta zuwa. Ni ma kakana ne ya haƙa Tafkin Chadi. In akwai masallaci, a kawo hoto."

Aka yi dariya. Yaya ya miƙe ya rantse sai ya kawo hoto kafin zama na gaba. Daga nan magana ta wuce ta kujera kaɗai. In ya dawo hannu wofi, ya rasa kujera, kuma ya zama Alhaji Sabo maƙaryaci har ya mutu.

Ni aka naɗa mai ɗaukar hoto, don ni kaɗai ne a gidan ba ni da aikin da za a ce ya tsaya. Muka aro kyamara wurin wani maƙwabci da ya sayo a Makka, ya nuna min inda ake leƙawa da inda ake dannawa, ya ce ilimin ke nan. Na fito da babbar rigata ta shadda, wadda hannunta ɗaya zai yi wa yaro labule, don mai ɗaukar hoton masallaci ba ƙaramin mutum ba ne. Muka je sallama da Gwaggo, autar Tanko, wadda haƙori ɗaya ya rage mata. Da ta ji inda za mu, ta yi dariya har haƙorin ya yi rawa. Ta ce, "Ku gaishe min da limaminsu." Muka ce za ya ji. Tsohuwar nan Allah ne kaɗai zai yi mana hisabi da ita.

Muka shiga fijo a tashar Daura ana tsakiyar zafin bazara. Direba ya zuba mata a baya, maza a gaba, ya ce doka ce, sannan ya cusa mu har gwiwata ta san sirrin haƙarƙarin maƙwabcina. Ya sa kaset ɗin wa'azi a kan azabar kabari, ya ƙure murya. Muka wuce Mai'adua cikin tsoron Allah. Muna tsallake Kongolam ya zare wa'azin ya jefa a aljihun ƙofa, ya danna kiɗan garaya, har yana buga sitiyari. Yaya ya ce, "Malam direba, lafiya?" Ya ce, "Alhaji, ai dokar ba ta da fasfo."

Iyakar ma karatu ce. A ɓangarenmu, kowace inuwar itace da mai kakinta, kuma duk masu fara'a ne. Mutum zai gaishe ka, ya tambayi iyali, ya tambayi gona, ya tambayi gajiya, ya ci gaba da gaisuwa har sai hannunka ya gane hanyar aljihu. A ɓangarensu kuwa jandarma, wato ɗan sandansu, ɗaya ne tal, siriri kamar kara, fuska ba annuri. Mun iso rana tsaka, ya dube mu, ya dubi agogo, ya ja ƙofa ya rufe. Lokacin abinci da hutu ne. A wurinmu ofis ba ya rufewa, ma'aikacin ne dai ba ya zuwa. Su kuwa sai sun zo, su rufe a kan idonka. Muka zauna ƙasa ta tsaya cik har bawan Allah ya ci ya ƙoshi ya miƙe ƙafa.

Da ya buɗe, ya karɓi takardunmu ya ce, "Me za ku yi a ƙasarmu?"

Yaya ya gyara hula ya ce, "Ziyarar masallacin kakanmu, a Kukar Ɗanja."

"Ni ɗan yankin ne. Wane ne kakan naku?"

"Tanko Badauri."

Jandarman nan ya juya ya fuskanci bango, na ga kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka tari ne ya sarƙe shi. Da ya juyo ya ce mu wuce, Allah ya karɓi ziyara, amma sai na ɗauke shi hoto tukuna. Ya gyara ɗamara, ya ƙame, na ɗaga hannu na danna. Ya ce duk ranar da zan sake bi ta nan in zo masa da shi, kuma shi ba ya mantuwa.

A Matamaye muka ci abinci. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, kuma taurinsa ɗaya da ita. Yaya ya gatsa, haƙorinsa na Makka ya yi ƙara, ya ajiye ya ce shi dama azumin nafila yake sha'awa. Ni na koma wurin mai wake da shinkafa na yi lodi. Aka kawo shayi a wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci, sai da aka gama yi masa kumfa tsawon huɗubar Juma'a. A Daura in ka ba baƙo shayi a wannan kofin, sai an kai ƙararka wurin mai unguwa. Daga nan muka hau wata tsohuwar a-kori-kura da ke bin yashi. Ba zan ce ta ɗauke mu ba, gaskiya mu muka fi ɗaukarta, don duk inda ta kafe sai mu sauka mu tura.

Da la'asar sakaliya muka sauka Kukar Ɗanja. Ƙaramin gari ne, kasuwarsa ba ta fi zauren gidan wani attajirin Daura ba. Muka tambayi mai shayin bakin hanya ina ginin Tanko Badauri. Bai ko ɗago ba ya nuna da haɓa, ya ce, "Soron Badauri? Ga shi can."

Jama'a, na sha yin ƙarya a kan ginin nan tun ina yaro, amma ashe ƙaryata ba ta kai shi ba. Daga hanya bayansa kake gani: bango ja, kauri a ƙasa, yana tsukewa yana hawa, zankwaye a kowace kusurwa sun miƙe kamar kunnuwan zomo, indararo suna leƙowa, rufin ya yi tudu a tsakiya kamar an kife ƙwarya. A tsakiyar bangon gabas ga ɗan kumburin nan da kowane yaro ya san wurin tsayuwar liman ne. Yaya ya yi kabbara da ƙarfi har wani jaki ya amsa. Ya ce, "Mamman, yau Isuhu ya mutu."

Muka zagaya wajen ƙofa. Ga randa da ruwa, ga dakalin ajiye takalma, an rataya tabarma a saman ƙofar. Muka cire takalma muka sunkuya muka shiga, don ƙofar gajeruwa ce. Wani sanyi ya buge mu kamar an buɗe firji. Ciki fayau, ba tabarma ba komai. Na ɗaga kai, hulata ta faɗi. Bakan gizo ne suka taso daga jikin bango ta kowane gefe, suka lanƙwaso suka haɗu a can ƙololuwa, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, tsakaninsu an jera azara, wato tsagin giginya, kamar saƙar faifai. Yaya ya ce wajibi ne a gaida masallaci. Ya fita ya yi alwala a randa, ya dawo ya fuskanci ɗan lungun nan ya tayar. Ni ma da na bi shi, Allah ya taimake ni waken Matamaye ya hana alwalata zama.

Ina tsaye sai na ga wani tsoho a bakin ƙofa, da farin gemu da ɓarin goro a kumatu, ya harɗe hannu yana jira cikin ladabi. Yaya ya ja sura mai tsawo, ya daɗe a sujada, na san sunan Isuhu ya fito a ciki. Da ya sallame, tsohon ya ce, "Allah ya karɓa, Alhaji."

"Amin, amin. Kai ne liman?"

"A'a, sunana Yohanna. Ni ne dattijon ikilisiya. Fastonmu ya tafi Damagaram."

"Dattijon me?"

Tsohon ya yafito mu waje, ya sa sanda ya ɗage tabarmar da ke saman ƙofa. Ga gicciye nan an fitar da shi da laka, ɗan karkatacce, ya sha farar ƙasa. Ya ce gobe ne yaɓen shekara, shi ya sa aka kwashe bencina aka kai inuwa, aka rufe wannan don kada laka ta zubo masa.

Na taɓa ganin mutum ya taka wutsiyar maciji, amma ban taɓa ganin fuska irin ta Yaya a lokacin ba. Ya zauna daɓas a dakalin takalma. Can ya ce da wata siririyar murya, "To sallar tawa fa?"

Malam Yohanna ya ce, "Alƙibla dai daidai take, Alhaji, wanda ya auna ta ba ya kuskure. Wuri kuma da tsarki, ɗazu mata suka share. Sauran kuma tsakaninka da Mai karɓa."

Da ya ji mu jikokin Tanko ne, tsohon nan ya rungume mu, ya ƙwala kira, kafin ka ce me rabin gari ya taru ana kallonmu kamar an kawo kura. Garin ba masauki, don haka gidansa aka kai mu. Yaya ya rantse ba zai ci komai ba. Malam Yohanna ya ce, "In don yanka ne, Alhaji, kwantar da hankalinka. Ni tun da nake ban taɓa yanka kaza ba. To me amfanin ƙane ladan?" Ashe ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya shi ne ladanin masallacin garin, gida ɗaya suke, zaure ɗaya, katangar kara ce kawai tsakaninsu. Ladan ya yanka zabo, aka kawo da dambun zogale. Yaya ya ce zai ɗan taɓa don kada a ce ya wulaƙanta abinci. Ya wulaƙanta zabon nan har ƙashi.

Muna ci Malam Yohanna yana ba mu tarihi. Ya ce wani Baturen mishan ne ya zo garin a zamanin Faransa yana yi wa kutare magani, mahaifin shi Malam Yohanna na cikin waɗanda suka warke suka bi addinin Baturen. Bature ya so ɗakin ibada irin na garinsu, na dutse, mai dogon bene. Ba dutse, ba siminti, sai mai gari ya ce a aika Daura. Tanko ya zo, Bature ya miƙa masa zanen gini a takarda. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ƙunshe goronsa a ciki. Da gari ya waye Bature ya tarar an riga an kafa turaku, gini ya ba hanya baya ya fuskanci gabas. Ya ce shi so yake ƙofa ta kalli hanya. Tanko ya ce ɗaki dai an ce na Allah ne, shi kuwa bai iya gina wa Allah ɗaki ya juya wani wajen ba, in ana so a nemo wani. Bature ya haƙura, ya ce to ai tsofaffin majami'un ƙasarsu ma gabas suke kallo. Lungun liman kuwa ba wanda ya ce Tanko ya yi, hannunsa ne ya saba. A nan suke ajiye teburin fasto har yau.

Bene ma Tanko ya ƙi ginawa, ya ce ba zai yi abin da zai leƙa gidan mai gari ba. Shi ya sa ƙararrawarsu wani tsohon wilin mota ne a rataye jikin kuka. Cire takalmi kuwa, ranar da aka gama daɓen ƙasa Bature ya shigo da takalminsa mai ƙusa, Tanko ya bi shi da madaɓi har waje. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara shiga da takalmi, har yaran yanzu sun ɗauka a littafinsu yake.

Yaya ya ce, cikin neman mafita, "Amma dai gicciyen ba shi ya yi ba."

"Ba shi ba ne. Ya gama komai, ya bar fili a saman ƙofa, ya ce nan ba hurumina ba ne. Mahaifina ya hau ya yi, da guntayen yatsunsa. Shi ya sa ka gan shi a karkace. An sha cewa a gyara, muka ce a bar shi."

Da sassafe Yaya ya tashe ni, ya riga ya yi shawara da zuciyarsa. Ya ce, "Daga hanya za ka ɗauka. Ta baya. Wa zai sani?" Muka fita, ya tsaya gaban kumburin liman ya riƙe carbi, na yi ta ɗaga hannu ina dannawa: Yaya a tsaye, Yaya yana nuna zanko, Yaya yana duban sama kamar mai jiran wahayi. Malam Yohanna ya zo ya tsaya kusa da ni yana tauna goro.

Ya ce, "Wurin nan yana da kyau. Wata shekara da hankali ya tashi a birni, wasu samari sun zo mana a mota da jarkokin fetur, suna tambayar ina cocin garin nan. Mai shayi ya ce su yi gaba. Nan daidai inda kake suka tsaya, suka ga azahar ta yi, suka sauka suka yi sallarsu a inuwar bangon nan, suka wuce. Har ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa, ka ga masallacin mutanen da, ba irin na yanzu ba." Ya tofar da goro. "Ɗauki abinka, ɗana. Ta nan kowa abin da yake so yake gani."

Yaya ya mayar da carbi aljihu. Bai ƙara cewa a ɗauka ba.

Hantsi na yi gari ya fito yaɓe. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Mata na jido ruwa, samari na cuɗa ƙasa da ƙafa, ana zuba makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwan sama cin bango. Masu gicciye a wuya da masu tabon sallah a goshi duk sun yi dumu-dumu, ladan ne ma a kan tsani yana zagin masu miƙo laka. Na ji an ce akwai fura ga duk wanda ya taka ƙasa, nan take na tuɓe babbar riga na rataya a reshe, na shiga daga ni sai 'yar shara.

Yaya ya koma gindin kuka ya zauna, ya ce shi ba ruwansa. Amma mutumin da ke neman shugabancin kwamiti ba ya iya ganin aiki ya yi shiru. Can sai na ji, "Kai yaro, ba haka ake ba! Daga ƙasa ake farawa!" Mutumin da bai taɓa yaɓa ko murhu ba. Wata tsohuwa mai suna Saratu, da tulu a ka, ta tsaya ta ƙare masa kallo ta ce, "Wai wannan ne jikan Tanko? Hannu kamar na amarya. Ku ba shi lalle, ba laka ba." Mata suka sa guɗa. Yaya ya cika ya yi fam.

Da aka gama ko'ina aka sauke tabarmar saman ƙofa, saura wuri ɗaya. A gefen ƙofar, ƙasa da gicciyen, akwai wani ɗan fili da tsohon yaɓe ya yi baƙi, sabo ya kewaye shi shekara bayan shekara har ya zama kamar taga. A ciki akwai shatin hannu. Malam Yohanna ya ce ranar da Tanko ya gama aiki ya danna tafinsa a nan, kuma al'adarsu ce a rufe yaɓe da kewaye wurin, babba a gari shi ke yi. Ya ɗebo laka ya nufi gindin kuka ya ce, "Bana mai abu ya zo."

Yaya ya ce, "Malam Yohanna, ni fa Alhaji ne."

"Shi ma wanda ya danna hannun bai taɓa barin sallah ba."

Yaya ya taso yana gunaguni, wai zai duba ne kawai. Ya sunkuya ya duba. Ƙaramin yatsan shatin a lanƙwashe yake. Ya ɗaga nasa hannun a hankali ya ɗora a ciki, ya zauna ɗas kamar an auna.  Na ga hawaye na bin kumatun Yaya. Daga baya ya ce makuba ce ta faɗa masa a ido. Ni dai na goge hannu a wando, na ɗauko kyamara na danna sau ɗaya, fim ya ƙare. Yaya ya karɓi lakar ya kewaye hannun kakansa, a karkace, Saratu na cewa a bar shi, ai ya yi ƙoƙari.

Da muka dawo Daura na kai fim wanki. Mai hoto ya miƙo min ambulan yana cije leɓe. Na zaro na farko: shuɗi. Na biyu: shuɗi, da ɗan zare. Jandarma, bango, zankwaye, Yaya da carbi, duk hannun babbar rigata ne. Ashe duk lokacin da na ɗaga hannu, sai ya zubo ya rufe idon kyamara. Aikin ɗinkin dai ya fito tsaf, telana ya cancanci yabo. Hoto ɗaya ne ya tsira, wanda na ɗauka ba riga: Alhaji Sabo, hannunsa cikin hannun Tanko, hawaye shaɓe-shaɓe, gicciye fari tas a saman hularsa.

Na ba shi shawara irin ta ɗan'uwa na gari, na ce a sa almakashi a datse saman. Ya ɗauki almakashin yadinsa, ya auna, ya daɗe yana kallo. Sai ya ajiye ya ce, "Kakanmu ma bai taɓa wurin nan ba, ya ce ba huruminsa ba ne." Ya sa hoton a aljihu yadda yake.

A zauren Liman hoton ya zagaya hannu-hannu. Da ya isa wurin Alhaji Isuhu, ya miƙe tsaye don murna. "Coci! Jama'a, coci ne! Wannan za mu ba ginin ɗakin Allah?" Aka yi ta salati, har da waɗanda ba a taɓa ganinsu a sallar asuba ba. Yaya ya ce, "Na ce kakana ya yi gini, ga shi. Na ce masallaci ne, ba shi ba ne. Abin da na gani ke nan."

Liman ya kai hoton kusa da ido ya ce, "Alhaji Sabo, ginin nan ya tsage?"

"Ko kaɗan, Allah gafarta Malam."

"Wa ke masa yaɓe?"

"Su, duk shekara. Har da ladanin garin."

"To mu namu, yaushe rabon da a yi masa?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Aka yi ta gyaɗa kai ana cewa Malam ya yi magana, wallahi Malam ya faɗi gaskiya. Sannan aka ɗaga hannu aka zaɓi Alhaji Isuhu.

An rushe tsohon masallacin cikin yini guda, mai gidan burodi ya saye azarar ya yi makamashi. Sabon yana nan, ku zo ku gani, tayil har bango, kore da fari, siminti kuwa ba a yi rowarsa ba. Da bazara in ka shiga azahar sai ka fito kamar dafaffen rogo, shi ya sa yanzu a waje muke sallah, gindin darbejiya, muna kallon ginin muna yaba shi.

Ni ban ƙara bin Kongolam ba, don akwai mai ɗamarar da ke jiran hotonsa, kuma ya ce ba ya mantuwa. Yaya kuwa duk shekara in zafi ya tsananta, kafin ruwan farko, sai ya ce za shi Matamaye sayen cuku. Bana da ya dawo na ce, "Yaya, ina cukun?" Ya ce ya yi tsada. Na dubi hannunsa, jar ƙasa ce maƙare a ƙarƙashin farce. Ya ga inda nake kallo, ya tura hannun cikin riga.

Ya ce, "Na ji an ce rubuta shirmen nan kake yi."

Na ce, "Mutane ne suka dame ni, Yaya."

Ya ce, "To in ka zo wurin sallar nan, ka rubuta cewa alƙiblar daidai take."

Ga shi na rubuta.